Wagashi, Burodi da Mangwaro: Abin Tarbar Baƙo

A ƙasar Hausa, da duk wani zango da Hausawa suka zauna, ba a barin baƙo haka nan. Da ya yi sallama sai a amsa, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwan sha. Bayan an gaisa, sai a shiga neman abin da zai ci. To, amma tuwo ba ya nuna nan take. Kafin a hura wuta, ruwa ya tafasa, a yi talge, a tuƙa, a kaɗa miya, an ci sa'a guda ko fiye. Baƙon da ya taso tun asuba daga wani gari kuwa yunwa yake ji, ko da kunya ta hana shi faɗa.

Shi ya sa ake fara ba shi ɗan abin motsa baki kafin babban abinci ya sauka. Da Faransanci ana ce wa irin wannan « amuse-bouche ». A arewacin Togo ana iya haɗa wani mai sauƙi, wanda ba ya cin kuɗi da yawa. Abubuwa uku ne kawai: wagashi, burodi, da 'ya'yan itacen da ake yayi.

1. Sokode da Dapaong

Sokode babban gari ne a tsakiyar ƙasar Togo, shi ne hedkwatar jihar da ake kira « Région Centrale ». Yawancin mutanensa Kotokoli ne, wato Tem. Dapaong kuma yana can arewa, kusa da iyakar Burkina Faso, shi ne hedkwatar « Région des Savanes ». Moba da Gurmawa sun fi yawa a can. Babbar hanyar mota da ta taso daga Lome ta ratsa garuruwan nan biyu.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan ƙasa. A ƙarni na 19 fatake sukan taso daga Kano da Katsina da jakuna, su nufi Gwanja sayen goro. A hanya sukan yada zango, wasunsu kuma suka zauna suka yi iyali. Unguwar Didawure ta Sokode tsohon mazaunin 'yan kasuwa Musulmi ce tun wancan zamani. Mutanen da kakanninsu suka sha tafiya sun san darajar wanda ya tarbi matafiyi.

A dazuzzukan da ke kewaye da garuruwan nan akwai rugagen Fulani. Daga nan wagashi yake fitowa.

2. Mene ne wagashi?

Wagashi wani irin cuku ne mai taushi da ake yi da madarar shanu. Da Faransanci cuku shi ne « fromage », shi ya sa ake ce wa wagashi « fromage peul », wato cukun Fulani. Matan Fulani ne suka ƙware wajen yin sa. Ana samunsa a Togo da Benin da Gana. Yarabawa suna da irinsa, suna ce masa wara.

Kada a haɗa shi da cukun Nijar. Cukun da Buzaye da Fulanin Nijar suke yi falle-falle ne, busasshe, yana yin watanni bai lalace ba. Wagashi kuwa curi ne mai kauri, mai laima, ba ya jure ajiya. Kada kuma a haɗa shi da awara. Sun yi kama a ido, amma awara da waken suya ake yin ta.

A kasuwa ana ganin wagashi iri biyu, fari da ja. Asalinsu ɗaya ne. Jan, an dafa shi ne da karan dafi, wato irin dawar nan da dukawa suke rina fata da ita. Bayan kawai yake rinuwa. In an yanka, cikin fari ne fat.

3. Yadda ake yin wagashi

Da sassafe makiyaya suke tatsar shanu. Sai mace ta karɓi madarar tun tana da ɗumi, ta tace ta da tsabtataccen ƙyalle don ta fitar da gashi da ƙura. Ta zuba a tukunya, ta ɗora a kan wuta kaɗan.

Sai ta samo ganyen tumfafiya. Kowane yaro ya san tumfafiya. Tana fitowa a bakin hanya da kangaye da tsofaffin gonaki. Ganyenta faffaɗa ne mai kauri, in an karya shi farin ruwa yana fita kamar nono. Matar takan wanke ganyen, ta daka, ta dama da 'yar madara, ta tace, sannan ta zuba ruwan cikin tukunya.

Daga nan sai haƙuri. Ba a gaggawar ƙara wuta. Jim kaɗan madarar za ta fara tsinkewa, ta rabu gida biyu: farin gudaji, da wani ruwa mai ɗorawa-ɗorawa. In ta ga haka, sai ta iza wuta har tukunyar ta tafasa. Gudajin za su taso sama su haɗu. Sai ta sa ludayi ta kwashe su, ta zuba cikin 'yan ƙananan kwanduna. Ruwa yana tsiyayewa ta ramukan kwando, abin da ya rage kuma yana dunƙulewa ya ɗauki siffar kwandon. Wagashi ya samu ke nan.

Ana bukatar madara wajen lita 5 kafin a sami wagashi kilo 1. Ruwan da ya tsiyaye ba a zubar da shi banza, akan ba dabbobi. Faransawa suna ce masa « petit-lait ».

4. Me ya sa madara take dunƙulewa?

Madara yawancinta ruwa ne. A cikin kashi 100, wajen kashi 87 ruwa ne. Sauran su ne mai, da sukari, da gishirin ma'adinai, da abin gina jiki. Abin gina jikin nan yana yawo cikin ruwan, ƙanana-ƙanana, ido ba ya ganinsu, kuma ba sa manne wa juna. A cikin ruwan tumfafiya akwai wani sinadari da yake sa su manne. In suka manne sai su riƙe man a tsakaninsu, su saki ruwan. Zafin wuta yana taimaka wa aikin ya yi sauri.

Ba tumfafiya kaɗai take wannan aiki ba. A Faransa da sauran ƙasashen Turai ana amfani da wani sinadari da ake samu a cikin tumbin ɗan maraƙi mai shan nono. Sunansa « présure ». Masu cukun Nijar ma da irinsa suke yi, daga tumbin ɗan akuya ko ɗan tunkiya.

Wagashi yana da wani hali da ya bambanta shi da yawancin cukun Turai. Tun da an riga an tafasa shi, ba ya narkewa a wuta. Ana iya soya shi, ko a jefa shi cikin miya, ya fito da siffarsa.

Gargaɗi: ruwan tumfafiya yana da dafi. In ya shiga ido yana ƙuna ƙwarai, yana iya ɓata gani. Kaɗan ake sawa a madara, kuma manya ne suke sawa. Yaro ba ya wasa da tumfafiya. In tsautsayi ya sa ruwanta ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai yawa, a tafi asibiti.

5. Saye da ajiya

Nan ne wurin da ya fi bukatar lura. Madara abinci ce mai kyau ga mutum, haka kuma take ga ƙwayoyin cuta. A wuri mai zafi suna yaɗuwa cikinta da sauri. A Dapaong, a watannin Maris da Afrilu, zafi yakan kai digiri 40. Wagashin da ya wuni a rana, ƙuda suna sauka a kansa, yana iya jawo ciwon ciki da amai da gudawa. Ɗanyar madarar saniya marar lafiya kuma tana iya ɗauke da tarin fuka. Wanda ya ba baƙonsa abin da ya kwantar da shi, ya yi ɓarna a inda ya so yin alheri.

In za a sayi wagashi, a duba abubuwa huɗu. A ga an rufe shi, ba a bar wa ƙuda ba. A shinshina, a ji ƙanshin madara, ba tsami ko wari ba. A taɓa da tsabtataccen hannu, kada a ji yauƙi a bayansa. A danna kaɗan, mai kyau yana dawowa, ba ya marmashewa.

Da an kawo shi gida, sai a tafasa ruwa da ɗan gishiri, a saka shi ya yi minti 15 yana tafasa. Wannan yana kashe ƙwayoyin cuta, yana rage ɗacin tumfafiya, yana kuma sa masa ɗanɗano. Tun a shekarun 1860 wani masanin Faransa, Louis Pasteur, ya nuna cewa zafi yana kashe ƙananan halittun da suke ɓata abin sha. Daga sunansa aka sami kalmar « pasteurisation ». Mai wagashi da take sake tafasa abin da bai ƙare ba kowace safiya, wannan ka'ida take bi.

In babu firji, wagashi ba ya wuce kwana biyu ko uku sai an sake tafasa shi. Wanda ya riga ya yi wari kuwa, tafasawa ba ta gyara shi. A zubar.

6. Burodi

Da garin alkama ake yin burodi. Ba a noman alkama sosai a Togo, daga waje ake kawo ta ta tashar jiragen ruwa ta Lome. Dogon burodin nan da ake kira « baguette » daga Faransawa aka gaje shi, su ne suka mulki ƙasar kafin ta sami 'yancin kanta a 1960.

Dogon burodi yana da daɗi da safe, amma in ya kwana sai ya yi tauri. Wasu sukan jefar da shi. Wannan asara ce. Burodin jiya ya fi na yau daɗin gashi, domin yana yankuwa sumul ba ya lotsewa a ƙarƙashin wuƙa. Amma a duba da kyau: burodin da ya yi fumfuna ba a ci.

Akwai dalilin gasa shi. Wuta tana busar da bayan burodi, ta sa shi ya yi ƙaras-ƙaras. In aka ɗora mangwaro a kan burodin da ba a gasa ba, nan da nan sai ya sha ruwa ya jiƙe. Gasasshe kuwa yana jurewa har baƙo ya ci.

7. 'Ya'yan itace da lokacinsu

Kowane ɗan itace da lokacinsa, kuma a lokacinsa ya fi araha ya fi zaƙi. Mangwaro yana nuna da bazara, daga Maris zuwa Yuni. Gwaiba tana zuwa da damina. Lemo ya fi yawa daga kaka zuwa hunturu. Gwanda da ayaba ana samunsu kusan duk shekara. Abarba kuma daga kudu motoci suke kawo ta.

Ita ma madara da lokacinta. Da rani ciyawa takan bushe, shanu su rame, nono ya yi ƙaranci, wagashi ya yi tsada. Da damina ta sauka sai ciyawa ta tsiro, nono ya wadata. Saboda haka a watannin Mayu da Yuni ne abubuwan biyu suke haɗuwa: mangwaro bai ƙare ba, madara kuma ta fara yawa. Ruwa yakan riga sauka a Sokode kafin Dapaong, don haka mutanen Sokode sukan riga samun wannan sa'a.

In babu mangwaro, sai a sa gwanda ko ayaba ko abarba. Da azumi ana iya tsaga dabino a cire ƙwallon a ɗora.

8. Yadda ake haɗawa

Ga abin da ake bukata don baƙi 6:

dogon burodi 1
wagashi giram 250
nunannen mangwaro 2, wanda bai yi laushi da yawa ba
man gyaɗa cokali 3
gishiri kaɗan
zuma cokali 1, ko ɗan yaji, ga mai so

Kayan aiki su ne murhun gawayi, ragar gashi, kasko, wuƙa, da faranti mai murfi.

Da farko a wanke hannu da ruwa da sabulu. A wanke wuƙa da faranti da abin da za a yi yanka a kai.

Na biyu, a tafasa wagashi cikin ruwan gishiri kamar yadda aka bayyana. A tsame, a bar shi ya huce, ruwan ya tsane. Sai a yanka shi gida 12, kowane yanki kaurin ɗan yatsa.

Na uku, a zuba mai a kasko. In ya yi zafi, a jera yankan wagashi a hankali. A tabbata sun tsane, domin ruwa in ya faɗa cikin mai mai zafi yana fantsama ya ƙona mutum. A bar kowane gefe ya yi minti 2 ko 3, har ya yi ja-ja. A kwashe.

Na huɗu, a yanka burodi gida 12, a karkace, don kowane yanki ya yi faɗi. A ɗora raga a kan garwashi bayan harshen wuta ya mutu, a jera burodin. Ba a barin wurin, domin cikin minti ɗaya yake ƙonewa. Da gefe ɗaya ya yi, a juya.

Na biyar, a wanke mangwaro tun kafin a fere shi. In an fere ba a wanke ba, wuƙa tana kwashe dattin bawo ta kai shi ciki. A yanka shi siri-siri.

Na shida, a ɗora wagashi a kan kowane burodi, a ɗora mangwaro a kan wagashi. Mai son zaƙi ya ɗiga zuma. Mai son yaji ya barbaɗa kaɗan. A jera a faranti, a rufe, a kai wa baƙi tun da ɗumi.

Aikin duka ba ya wuce rabin sa'a. Yara suna iya wanke mangwaro, su jera burodi, su ɗauki faranti. Suya da aikin wuƙa mai kaifi kuwa sai da babba a kusa.

In wagashi ya yi wuya, soyayyar awara tana maye gurbinsa.

9. Amfaninsa ga jiki

Abinci ya kasu gida uku. Akwai mai ba da ƙarfi, kamar dawa da masara da doya da burodi da mai. Akwai mai gina jiki, kamar nama da kifi da ƙwai da wake da madara. Akwai mai kare jiki daga cuta, wato ganyaye da 'ya'yan itace.

A kan yankan burodin nan guda ɗaya, gidajen uku sun hallara. Burodi da mai suna ba da ƙarfi. Wagashi yana gina jiki, kuma yana da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da haƙori. Shi ya sa a gidaje da yawa yake tsayawa a madadin nama. Mangwaro da gwanda suna ba jiki bitamin A da bitamin C. Rashin bitamin A shi ne yake kawo dundumi, wato kasa gani da almuru.

10. Kai wa baƙo

Yadda aka ba da abu yana da muhimmanci kamar abin da aka bayar. A ce gwaggo ta zo daga Dapaong ganin 'yan'uwa a Sokode. Yarinyar gida za ta fara kawo ruwan wanke hannu. Sannan ta ɗauko farantin da hannu biyu, ta durƙusa, ta ajiye, ta buɗe murfin, ta ce: « Gwaggo, sannu da hanya. Ga wannan ku taɓa kafin a sauke tuwo. » Gwaggo za ta ce: « Madalla, 'yata. Allah ya yi miki albarka. » Sai yarinyar ta tashi ta ba ta wuri. Ba a tsayawa a kan baƙo ana kallon bakinsa.

Ba a cika farantin har baƙo ya ƙoshi, domin tuwo yana tafe. Yanki biyu sun ishi mutum ɗaya. Kuma kada mai gida ya ji kunya don abin kaɗan ne. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Abin da ake bukata shi ne ya zama mai tsabta, an tafasa shi, an rufe shi, an kuma miƙa shi da fara'a.

Kalmomi

wagashi, cuku: le fromage
madara: le lait frais
nono: le lait caillé
tumfafiya: le pommier de Sodome
burodi: le pain
gasa: griller
soya: frire
tafasa: bouillir
mangwaro: la mangue
gwanda: la papaye
zuma: le miel
baƙo: l'invité, l'étranger
ƙwayoyin cuta: les microbes

Tambayoyi

1. Me ya sa ake ba baƙo abin motsa baki kafin babban abinci?
2. Su wane ne suke yin wagashi, kuma da me suke yin sa?
3. Wane aiki ruwan tumfafiya yake yi a cikin madara?
4. Mene ne bambancin wagashi da cukun Nijar? Mene ne bambancinsa da awara?
5. Waɗanne abubuwa huɗu ake dubawa kafin a sayi wagashi?
6. Don me ake tafasa wagashi bayan an kawo shi gida?
7. Me ya sa ake wanke mangwaro kafin a fere shi?
8. A cikin burodi da wagashi da mangwaro, wanne ne mai ba da ƙarfi, wanne ne mai gina jiki, wanne ne mai kare jiki?

Lissafi

a) Madara lita 5 tana ba da wagashi kilo 1. Lita nawa ake bukata don a sami kilo 3?
b) Burodi 1 yana ba da yanki 12. In kowane baƙo zai ci yanki 2, burodi nawa za a saya don baƙi 18?
c) Baƙi 6 suna bukatar wagashi giram 250. Baƙi nawa kilo 1 zai isa?

Aiki

Kowane ɗalibi ya tambayi iyayensa 'ya'yan itacen da ake samu a kasuwar garinsu a wannan wata. Ya rubuta sunayensu da Hausa da Faransanci, ya kawo aji gobe.